Indararon Tsohon Zaure

"Kai ka kashe shi," in ji tsohon maginin da aka ɗora wa duba gine-ginen tsohuwar unguwa a Gwandu. Ya nuna rufin zauren da ya lotsa.

Magajin gidan ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa shi ba."

"Rufe mini baki! Sau biyu kana neman izinin rushe zauren kakanka ka aza kwano, sau biyu muna hana ka. Na san halinku. In an hana ku rushewa, sai ku toshe indararo da tsumma, ruwa ya kwanta bisa rufi, damina ta yi muku aikin. In na tarar da tsumma, gobe kana gaban alƙali."

Maƙwabta suka taru. Har attajirin da ya ƙauro daga Kalgo bara ya leƙo daga sabon shagonsa na siminti, yana kaɗa kai.

Tsohon ya hau tsani da kansa, don bai yarda da idon kowa ba. Ya taka cikin ruwan da ya taru, ya cusa hannu cikin indararon.

Babu tsumma. Yatsunsa suka ci karo da siminti. Bangon shagon attajirin ne, an gina shi manne da bakin indararon, ya toshe shi ruf.

Shi tsohon da kansa ya auna wurin bangon nan da igiyarsa kafin a gina shagon. Shi ya ce a gina.

Daga ƙasa magajin ya ɗaga murya: "Baba, mi ka gani?"

Tsohon ya daɗe bai sauko ba.