Matashin da Rijiyoyinsa Suka Ƙi Ruwa

Dakta Rumasa'u ta je gaida tsohon malaminta, Farfesa Ɗantsoho, ta faɗa masa tana son barin bincike. Ta daɗe tana nazarin yadda damina ta canza a yankinsu, aikin ya cije, kuma ta daina zuwa zaman da sababbin masu bincike ke yi, don ba ta ga abin da masanin ƙasa ko na lafiya zai gaya mata game da hadari ba. Tsohon ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Bari in ba ki wani misali, 'yata."

An yi wani matashi a wani ƙauye wanda ya koyi haƙar rijiya a hannun wani dattijo. Dattijon ya koya masa duk alamomin da shi ma ya gada: inda giginya ta yi tsayi, inda suri ya yi girma, inda ƙasa ke da sanyi a tafin hannu. Da ƙarfin dattijon ya ƙare, ya miƙa masa dagi da igiya ya koma gefe. Sai dai matashin ya karɓi sana'ar a lokacin da damina ta fara saɓa alkawari. Ruwa ya zo a makare, ya zuba da ƙarfi ya wuce, tsofaffin rijiyoyi suka ja baya. Ya haƙa ta farko inda alamomi suka nuna, ya tarar da marmara. Ya haƙa ta biyu, ƙura kawai. Mutane suka fara cewa hannunsa ba albarka, wasu gidaje kuma suka soma ɗaure kaya za su bar garin. Kunya ta kama shi. Ya daina zuwa kasuwa, ya riƙa fita daji shi kaɗai yana tona ramuka yana mayarwa, don kada a ga yawan kuskurensa.

Dattijon ya aika aka kira shi. Matashin ya zaci za a ba shi wani sirri da aka ɓoye masa, amma tsohon ya ce, "Abin da na sani na koya maka duka. Ilmina na daminar da ta wuce ne, wannan sabuwar ni ma ban san ta ba." Abin da ya yi masa shi ne, ranar kasuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ya gayyato wani makiyayi da bai daɗe da karɓar garken mahaifinsa ba, da wata maginiyar tukwane da ta gaji uwarta, da wani mai amya. Dukansu sababbin hannu ne, kuma kowa na fama da irin wannan ciwon a ɓoye. Makiyayin ya rasa mashayar da aka nuna masa. Maginiyar ta je ramin yumɓun uwarta ta tarar ya bushe ya tsattsage. Mai amya kuwa ƙudan zumarsa sun watse.

Zaman farko bai haifar da komai ba. Kowa ya riƙe bakinsa, yana tsoron a gane gazawarsa. Dattijon bai gaji ba, kowace kasuwa sai ya shimfiɗa tabarmar, ya sa a kawo fura, ya fara ba su labarin rijiyoyin da shi kansa ya haƙa suka ƙi ruwa. A hankali baki ya buɗe. Makiyayin ya ce akwai wani kwari a gabas inda ciyawa ke daɗewa da ɗanyenta har cikin bazara. Mai amya ya ce ƙarya ne, arewa ƙudan ke nufa da rana tsaka, kuma ƙuda ba ya zuwa inda ba danshi. Suka yi ta gardama har suka kusa ɓatawa. Maginiyar ce ta ce a je a gani da ƙafa. Da suka je, ashe kwarin na gabas lanƙwasa yake yi ya ɓulla arewa, su biyun abu ɗaya suke kallo ta fuska biyu. Maginiyar ta bi gindin kwarin tana murza ƙasa a yatsunta, har ta tsaya inda yumɓu ya kwanta a ƙarƙashin yashi. Matashin ya san abin da su ba su sani ba: yumɓu a ƙasan yashi shi ke tare ruwa ya hana shi nutsewa.

Da matashin ya nemi a haƙa a wurin, dagaci ya ƙi ba shi ma'aikata, ya ce garin ya gaji da ramukan banza. Dattijon ya dogara sanda ya raka shi fada, amma bai yi magana a madadinsa ba. Tun a gida ya koya masa yadda zai tsara bayaninsa a gaban manya, ya kuma sa sauran ukun suka tsaya kusa da shi, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Aka ba shi mutane. Suka haƙa, ruwan bai zo da wuri ba, kuma da ya zo bai kai na zamanin da ba. Amma ya ishi garin sha, ya ishi garken, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Dattijon ya rasu bayan 'yan shekaru, su huɗun kuma suka ci gaba da zama ranar kasuwa, suna jawo duk wanda ya shigo sana'a sabo.

Da Farfesa Ɗantsoho ya kai ƙarshen misalin, sai ya ce wa Rumasa'u, "Ke kin san sama, wani ya san ƙasa, wata ta san jikin mutanen da zafin ke kwantarwa. Ba na da amsar da kike nema, amma zaman da kika daina zuwa yana nan, kuma zan raka ki. Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."