Iyakar da Uwani Ta Ja da Lalle

Tun da aka yi wa kowa allurar haske a Funtuwa, ciwo ya daina ɓuya. Duk inda jiki ya fara lalacewa, sai wurin ya yi kore a ƙarƙashin fata, kamar maƙesu.

Uwani mai waina ta wayi gari da nata a bayan hannun dama. Ta kife tanda, ta nufi gidan Inna Ladidi mai lalle.

"Baƙi zan kwaɓa miki, 'yar nan," in ji Inna. "Mata nawa na rufe wa, ko mazansu ba su gane ba."

"Ina suke yanzu, Inna?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta jawo ƙwaryar lalle. A inuwar ɗakin hasken hannun yana bugawa a hankali, ba daidai da zuciyar Uwani ba.

"Kada ki rufe," in ji Uwani. "Zagaye min bakinsa kawai. Yau zan fara maganin asibiti, kullum in duba ko ya tsallake."

"Masu sayen waina fa?"

"Wanda ya ƙi, ya ci burodi." Ta miƙa hannun. "Ja layin da kauri, Inna. Ina so ya san inda gonarsa ta ƙare."