Kalmar da Ta Riga Falke Isa Kudu

Bari in ba ka misali da wani falke mai safarar albasa zuwa kudu. Motarsu ta kife da su a ƙasar Yarbawa, ya karye a cinya, aka kwantar da shi a wani asibiti inda kusan ba mai jin Hausa. Gado mai kyau aka ba shi, magani ba ya yankewa, amma mutumin sai ramewa yake. A gida shi ne mai cika majalisa da hira, ga shi nan ko ruwa yake so sai dai ya yi nuni da hannu kamar bebe. Ya juya fuska bango, ya daina taɓa abinci, zuciyarsa na raya masa a nan za a binne shi cikin bare.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho Bayarabe wanda ciwo ya cinye, sai fata da ƙashi. Wata safiya tsohon ya miƙo hannu ya taɓa masa kafaɗa, ya yi murmushi, ya ce, "Alafiya?" Falke ya waiwayo a firgice, kamar wanda ya ji sallamar ɗan'uwa a tsakiyar daji. Ya ce, "Lafiya lau, Baba!" Muryarsa ma har ta dushe don rashin amfani da ita. Wani Balaraben Cadi da ke jinya a can gefe ya ɗaga kai ya ce su "afe" suke cewa. Likitar da ke duba su, wadda ta yi aiki a gabashin Afirka kuma tana ɗan tsintar Hausa, ta ce can "afya" ne, kuma duk daga "afiya" ta Larabawa suka fito. Falke ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce ashe kalmar ma fatauci take yi, ta ma riga shi isowa. Ranar ya cinye tuwon rogonsa tas.

Abu ɗaya ya riƙa damun sa. Kullum ya tambayi tsohon lafiyarsa, sai ya dafa ƙirji ya amsa, "Alafiya," alhali ko zama ba ya iya yi. Falke ya ɗauka ƙarfin hali ne irin na manya, har likitar ta fahimtar da shi cewa a bakin Yarbawa kalmar ta fi karkata ga kwanciyar rai. Tsohon bai yi ƙarya ba: jiki ya ƙare, amma hankalinsa a kwance yake. Da ajali ya zo masa, hannun falken nan yake riƙe da shi, ba su taɓa haɗa kalma biyu da suka fahimta ba sai wannan ɗaya. Falke ya warke, ya dogara sanda ya je har ƙofar gidan mamacin ya yi wa 'ya'yansa ta'aziyya da hawaye, sannan ya kama hanyar arewa.

To ka ga, gado da magani sun ɗora ƙashi, amma sakin fuskar tsoho da kalma guda su suka tashe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.