Mara Lafiyar Ɗaki na Uku

Wata uku masu puroje, wato masu ba da kuɗin aikin, suka ba Madam Fadila ta rage ma'aikaci ɗaya a cibiyar kula da masu damuwa da take shugabanta a Dogon Dutsi. Yau saura kwana biyu, ita kuwa tuni ta san wanda za ta kora.

Mutum uku ne ke duba marasa lafiya a ƙarƙashinta, kowa da inda ya kwaso iliminsa. Ɗakin farko na Ustaz Abdulwahabu ne, wanda ya yi shekara shida yana karatu a Sakkwato. Shi ko ciwon haƙori ka kai masa, aljani ne. Karatu zai kafa maka a kunne da lasifika har aljanin ya ce ya tuba. In kuma babu aljanin, kai ka tuba a madadinsa. Layinsa har bakin titi.

Na biyu na Inna Sa'a ne, 'yar Matankari, wadda ta shekara talatin tana bori kafin ta ajiye. Wai ta tuba, amma har gobe in mace ta shigo da kuka sai ta leƙa bayanta ta ce, "Ke da wa kuka taho?" Maganinta hira da goro, sai zagin miji in ta kama. Mata ba sa barin ƙofarta.

Sai ɗaki na uku, na Hashim. Allah sarki! Saurayi siriri mai kunya, shi kaɗai ke da takardar nazarin halayyar ɗan Adam daga Yamai, ya sa ta a gilashi ya rataye. Duk aikinsa ya tambaye ka yadda kake ji a ranka, sannan ya yi tsit yana kallonka. Ba'are kuwa, mutumin yankin nan, bai hau kabu-kabu tun daga bayan gari don a zuba masa ido ba. Wanda ya shiga sau ɗaya ba ya komawa.

Sai a makon da zancen korar ya bazu a gari Allah ya kawo masa mara lafiya ɗaya tal. Wata dattijuwar Bafulatana ce, Asiya, daga wata ruga a wajen Kore Mairuwa. Duk ranar kasuwa, da ta sayar da nononta, sai ta wuce layin Ustaz, ta wuce ƙofar Sa'a, ta faɗa ɗaki na uku.

Madam Fadila, da ta yi nata karatun a Dakar, ta riƙa leƙe ta taga tana cika dosiye, wato fayil ɗin mara lafiyar. Abin da ta gani ya ɗaga mata hankali. Matar nan ba ta taɓa kallon likitanta ba, bango take fuskanta. Ya gaishe ta, ta yi kamar da iska yake. Ya kawo ruwa, ba ta sha. In za ta tafi ta dire ƙwaryar fura a bakin ƙofa, ta ce wa bangon, "Ga shi nan, wanda ya ji yunwa." Amma a waje, lafiya lau take ciniki, har da gardama.

Shi kuma gogan, maimakon ya yi aikinsa, sai ya tuɓe takalma ya bar mata kujera, ya durƙusa a tabarma yana zufa. Madam ta tambaye shi wace irin dabara ce wannan. Ya sunkuyar da kai ya ce sabuwa ce. Sabuwa! Wata uku cur ba a gusa ko taku ɗaya ba.

Ustaz ya roƙa a ba shi ita minti goma. Inna Sa'a kuwa goronta kawai take ci.

Ranar kasuwar ƙarshe Madam ta shiga ɗakin da kanta, takardar kora a hannu, Ustaz da Sa'a na biye. Ranta a ɓace yake, don ba ta son raba kowa da abincinsa, amma ai ba a wasa da lafiyar mutane.

Ta tambayi dattijuwar sunan gari, ta faɗa. Ta tambaye ta yawan shanunsu, ta lissafo su har da launinsu. Sai Madam ta nuna Hashim.

"To, Inna, wannan fa? Wata uku kina zuwa wajensa. Dube shi ki gaya mani sunansa."

Dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Sau uku ana tambaya, sau uku tana ƙara cusa kai cikin bango. Hashim kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Shi ke nan," in ji Madam. "Abin ya fi ƙarfinmu. A kira mota, yau za a kai ta babban asibiti a Yamai. Kai kuma, Hashim, karɓi takardarka."

Nan fa Inna Sa'a ta fashe da dariya har goro ya sarƙe ta. Ta dafa ƙofa, ta share hawaye da bakin zane.

"Haba Madam, wane asibiti? Wallahi ta fi ki lafiya. A kasuwa ta ji ana faɗin za a kori na ɗaki na uku don ba shi da mara lafiya, shi ne ta taho ta zama ɗaya. Kuma ko Faransa kika kai ta, Bafulatana ba ta kama sunan ɗan farinta."