Kanwar Hajo

"Mi kika zuba ma waken ga?" Kalla ya daka wa matarsa Hajo tsawa. Ɗansu Bawa na kwance yana murƙususu, zawo ya tsotse shi.

"Kanwa, Malam."

"Dunƙule guda? Kashe shi za ki yi?"

Hajo ta ci gaba da aikinta.

Da safe aka tasa ƙeyar samarin garinsu Galma, har da Bawa, zuwa Madawa, za a kai su yaƙin Faransa. Likitan soja ya dubi Bawa, idanu sun zurma, ƙafafu na rawa. Ya ce a mayar da shi gida.

Hajo ta tarbe shi da kunu, ta dubi mijinta.

"Tun ina budurwa nike dahwa wake. Ka taɓa ganin kanwa ta yi mini yawa?"