Zinaren Ottavio a Gaban Alƙali

Ottavio Scalisi ya shigo kotu yana tsotsar alewa, sai ka ce ɗaurin aure ya zo. 'Yan sanda sun sami tsabar kuɗin zinare bakwai masu hoton kan tsoffin sarakunan Rum a gidansa. A tsibirin Sisiliya duk kayan tarihin da aka tono daga ƙasa na gwamnati ne. In kuɗin na gaske ne, ɗauri ke jiransa, ga kuma tsufa. In jabu ne, ya koma gida cin taliyarsa.

Hankalinsa kwance yake, don ya san jabu ne. Wani maƙerin zinare mai suna Nunzio ya buga masa su tun da daɗewa, aikin da ya sha ruɗar manyan masana. Da asirin cinikin jabun da suke yi ya kusa tonuwa, Ottavio ya miƙa Nunzio ga hukuma ya wanke kansa tas. A gidan yari maƙerin ya mutu. Ko jana'iza Ottavio bai leƙa ba, mutumin banza.

Kotu ta kira Dakta Ersilia Manno, wadda ba a ja da maganarta kan tsoffin kuɗi. Ta ɗora su a sikeli, ta bi gefensu da madubi. Ba ta ɓata lokaci ba. Guda ɗaya kawai ta riƙe a tafin hannu, tana ta shafawa har alƙali ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, na gaske ne duka bakwai ɗin," in ji ta. "Daga tsohon kabari aka tono su."

Alewar ta sarƙe Ottavio. "Haba Dakta, sake dubawa mana. Na rantse da kabarin uwata, aikin Nunzio ne."

"To, sai ka kira shi ya ba da shaida," ta ce, tana goge madubinta.

Lauyansa ya nemo wasu masana biyu. Suka juya, suka auna, suka bi bayanta, don hannun Nunzio ya fi ƙarfin idonsu. Aka yanke wa Ottavio shekara shida, aka fita da shi yana kuka wiwi. Ko kallonsa Ersilia ba ta yi ba.

Da la'asar ta sayi farin fure ta haura maƙabarta. Ta durƙusa gaban kabarin Nunzio, ta share ƙurar da ke kan sunansa.

"Baba, yau kotu ta ce aikinka na gaske ne."