Sunan da Kaka ta Hana Ni Ƙarasawa

Ina aji huɗu na aro wani littafi a makaranta, labarin birnin aljannu a ƙarƙashin kogi. Da tsakar rana na zauna ina karanta wa kakata a gidanmu na Kurmin Mashi, ita kuma tana dakan daddawa. Tana ta dariya, har na iso inda wani masunci ya tsaya bakin ruwa yana kiran sarkin aljannun da sunansa. Na ɗaga murya kamar yadda ya yi.

Ban ƙarasa ba ta toshe mini baki da tafin hannunta. Hannun duk warin daddawa.

"Kai ɗan nan, ba a kiran su da rana tsaka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Su ba su san karatu kake yi ba. Amsawa suke yi."

Ba iska, amma igiyar gugan rijiyarmu ta motsa. Kaka ta ƙura mata ido, bakinta yana addu'a.

Yau ɗakina cike yake da irin waɗannan littattafai, har ina ba 'ya'yana su karanta. Amma duk sanda na zo kan irin sunan nan, warin daddawa nake ji, sai in tsallake shi.